Yadda Ake Karɓo Alƙaluman Lafiya Daga Jiha da Ƙananan Hukumomi a Sakkwato

A binciken gida-gida da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2016 da 2017, an gano cewa a Jihar Sakkwato yara 3 kacal cikin 100 ne suka samu zagaye na uku na allurar nan mai kare cututtuka biyar, wadda ma'aikata ke kira Penta. A daidai lokacin, alƙaluman da asibitoci ke turawa duk wata suna nuna abin da ya ninka haka sau da yawa. Dukansu lambobin gwamnati ne, dukansu da hatimi. Wanda ya tsara aikinsa a kan na wata-wata zai ce an ci ƙarfin aiki, wanda ya duba na gida-gida kuwa zai san ko farawa ba a yi ba. Sakamakon binciken nan ne ya sa hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yau da kullum a 2017.

Don haka duk wanda zai shiga sakatariya neman alƙaluma, ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne, ko na kwalejin kiwon lafiya ta Gwadabawa, ko ma'aikacin ƙungiya, ko ɗan jarida, aiki biyu ne a gabansa. Zai samo lambar, sannan zai bi sawunta har inda aka fara rubuta ta. Na biyun ne mutane ke tsallakewa, kuma a nan za mu fi daɗewa.

Tambayar tukuna, kafin wasiƙa

Yawancin buƙatun da ke kwana a fayil ba mugunta ce ta kwantar da su ba. Wasiƙa ce ta zo tana neman "duk bayanan lafiyar mata da yara na jihar", jami'in da aka miƙa wa ya rasa ta inda zai kama, sai ya ajiye ta gefe. Kafin ka rubuta wa kowa, zauna ka amsa wa kanka abu huɗu: wace lamba, ta wane wuri, ta wane lokaci, kuma a rarrabe ta yaya. Ga irin buƙatar da ake biya da wuri: yawan masu ciki da suka zo awo karo na farko da waɗanda suka kai karo na huɗu, a kowane asibiti na Bodinga da Yabo, wata-wata, daga Janairu zuwa Disamba na 2023. Mai kula da kwamfuta zai iya ciro maka wannan kafin azahar.

Zana teburin da kake so a cike, layuka da ginshiƙai, ka bar shi babu komai a ciki, ka maƙala wa wasiƙar. Yana rage gardama ƙwarai.

Sannan ka duba abin da yake fili tun tuni, kada ka wahalar da mutane a kan abin da ke intanet. Rahoton binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 da na 2023 zuwa 2024, da binciken gida-gida kan halin mata da yara na 2021, wato MICS, duk suna da shafukan Sakkwato. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana fitar da rahoton cututtuka duk mako. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana da rajistar asibitocin ƙasa baki ɗaya. Sai dai waɗannan manyan bincike sun tsaya ne a matakin jiha. Za su gaya maka halin Sakkwato gaba ɗaya, amma ba za su raba maka Tureta da Gada ba. Abin da ke ƙasa da jiha, sai ka taka.

Hanyar da lamba ke bi

Kowace lamba da za a ba ka ta fara ne a hannun ma'aikaci guda da biro. A asibitin mazaɓa akwai rajistoci daban-daban: ta masu zuwa ganin likita su koma, ta awo, ta haihuwa, ta rigakafi da takardar talinta (wadda ake sa alama a kai duk allurar da aka yi), ta awon nauyin yara, ta tazarar haihuwa. Ƙarshen wata incaji, wato shugaban asibitin, ko mai kula da rajista zai ƙirga, ya cike fom ɗin wata. Fom ɗin zai tafi sakatariyar ƙaramar hukuma, wurin jami'in sa ido da tantance ayyuka, mai tara alƙaluma, wanda kowa ke kira M&E. Ana yin taron tantancewa inda incajoji ke zuwa da rajistocinsu, daga nan a shigar da lambobin cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira, Najeriya kuma ta ɗauke ta a matsayin rumbun alƙaluman lafiya na ƙasa. Da zarar an shigar, jiha da Abuja suna gani.

Wannan babbar hanya ce, amma ba ita kaɗai ba. Cututtukan da ke yaɗuwa suna da tasu, ta hannun jami'in sa ido kan cututtuka, DSNO, zuwa ofishin babban jami'in annoba na jiha, zuwa NCDC. Gangami irin na ɗigon shan inna, ko rabon maganin zazzaɓin damina da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, yana da takardun talinsa daban, kuma kuskure ne babba a haɗa su da na yau da kullum. Lissafin allurai da magunguna yana cikin littafin sito. Rajistar haihuwa da mutuwa aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, ba na ma'aikatar lafiya ba.

Ka kuma san wane asibiti ne ke ƙarƙashin wa. Ƙananan asibitoci suna hannun Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta jiha. Manyan asibitocin gwamnatin jiha suna ƙarƙashin hukumar kula da asibitoci. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware na tarayya ne, wasiƙar kwamishina ba ta buɗe ƙofarsu, sai ka rubuta wa shugabanninsu kai tsaye. Asibitoci masu zaman kansu wasu suna turo rahoto, wasu ba sa turowa, kemis kuwa, inda talaka ya fi fara kai zazzaɓinsa, kusan ba ya cikin lissafin nan sam.

Izini

Wasiƙar ta tafi ga Kwamishinan Lafiya, a ja hankalin Daraktan Tsare-tsare, Bincike da Ƙididdiga, domin a sashensa jami'in alƙaluman jiha yake. In abin ya shafi ƙananan asibitoci, ka rubuta wata ga Babban Sakataren Hukumar Lafiya a Matakin Farko. Shafi ɗaya ya isa: ko kai wane ne, me kake so, me za ka yi da shi, wa zai gani, da alkawarin kawo sakamako. Ka je da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Ka tambayi lambar fayil, ka kuma san fuskar akawun da ya karɓa. Shi ne zai gaya maka teburin da takardarka ta tsaya, kuma gaisuwa mai kyau a wannan ofis ta fi kiran waya goma zuwa sama amfani.

Idan bincike ne da za a wallafa ko a rubuta kundin digiri da shi, sai ka fara da kwamitin ɗa'ar binciken lafiya. Akwai na Ma'aikatar Lafiya ta jiha, akwai na asibitin koyarwa. Suna son ganin tsarin binciken, da takardar neman yardar mutane in za ka yi hira da su, da yadda za ka adana bayanai. Wannan yana cin makonni, ka sa shi cikin lissafinka tun farko.

Abu mafi muhimmanci da za ka fito da shi daga jiha shi ne takardar gabatarwa zuwa ga daraktocin lafiya na ƙananan hukumomin da za ka je. Ba tare da ita ba, M&E mai hankali ba zai buɗe maka kwamfuta ba, kuma yana da gaskiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan mara lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri. Shi ya sa ya fi maka sauƙi ka nemi jimilla, ba sunaye ba. Kusan duk aikin tsare-tsare ana yin sa da jimilla.

Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata a rubuce, da damar ƙarin wasu 7 in aikin yana da yawa. An daɗe ana jayayya ko ta shafi jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta shafe su. Ga ɗan jarida mai bin kuɗin asibitoci, makami ce mai kyau, ya yi amfani da ita. Ga wanda zai yi shekaru yana aiki da mutanen nan kuwa, a ganina ta zama ta ƙarshe. Tana kawo maka takarda, ba ta kawo maka jami'in da zai zauna ya gaya maka dalilin da ya sa lambar watan Agusta ta faɗi.

A sakatariyar ƙaramar hukuma

Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244. Kusan kowace sakatariya tsarin sashen lafiyarta ɗaya ne: darakta a sama, sai M&E, da DSNO, da jami'in rigakafi wato LIO, da mai kula da firjin allurai, da jami'ar lafiyar mata da yara, da na abinci mai gina jiki, da na zazzaɓin cizon sauro, da mai wayar da kai. Kowanne yana riƙe da nasa kason, kuma ba kullum lambobinsu ke haɗuwa ba.

Darakta za ka fara gani, ko da ka san M&E tun kuna makaranta. "Ranka shi daɗe, mun zo gaisuwa, kuma ga 'yar takarda daga hukuma." Bayan an tambayi gajiya da iyali da hanya, shi da kansa zai ce, "To madalla, mi kuka biɗa?" Sai ka miƙa teburinka. Idan shi ya kira M&E ya ce a taimaka maka, aikinka ya yi rabi. In ka tsallake shi kuwa, ranar da ya ji labari komai zai tsaya.

Lokaci yana da tasiri. Kada ka je ranar kasuwar garin. Lahadi ce ta Illela, don haka can ba ta taɓa ranar aiki, amma a wurare da yawa kasuwa tana faɗawa tsakiyar mako ta kwashe rabin sakatariya. Juma'a bayan hantsi an tashi. Makon gangamin rigakafi kowa yana fili, ba mai sauraronka. Da damina ka tambayi halin hanya kafin ka nufi garuruwan fadamar Rima. Lokacin da ya fi kowane shi ne farkon wata, ranar taron tantancewa, domin incajoji duka suna ɗaki ɗaya da rajistocinsu. Nemi izini ka zauna a baya ka saurara. A rana ɗaya za ka gane asibitin da ke kawo rahoto da wuri, da wanda ake bi da waya, da wanda lambobinsa ke sa mutane murmushi.

Maganar kuɗi: alƙaluman gwamnati ba na sayarwa ba ne, kada ka fara. Amma in jami'i ya bar aikinsa ya raka ka ƙauye, kuɗin mai da na abincinsa haƙƙinsa ne, a biya a fili, ya sa hannu.

Idan an ciro maka lambobi daga DHIS2, ka roƙi abu biyu a tare da su: asibitoci nawa ya kamata su turo rahoto a kowane wata, kuma nawa suka turo. Ma'aunin da aka saba shi ne aƙalla kashi 80 cikin 100. In haihuwa ta ragu a watan Yuni amma rabin asibitoci ne suka kawo fom, to haihuwa ba ta ragu ba, fom ne ya ragu.

Gani ya kori ji: a koma ga rajista

Ba za ka iya zagaya duk asibitoci ba, kuma ba a buƙata. Zaɓi kaɗan a kowace ƙaramar hukuma: ɗaya mai cunkoso a hedikwata, ɗaya matsakaici, ɗaya na nesa da ba a cika zuwa ba. Kada ka bar wa sakatariya zaɓin duka, domin ɗabi'ar ɗan Adam ce ya nuna wa baƙo ɗakin da aka share.

A asibitin, bayan gaisuwa da nuna takarda, ka gaya wa incaji tun farko cewa ba kama laifi ka zo ba. Zaɓi lamba biyu ko uku da wata uku. A ce Penta zagaye na uku, watan Maris. Buɗe rajistar rigakafi, ka bi layi-layi da yatsa kana ƙirga yaran da aka rubuta wa kwanan wata na Maris a wannan ginshiƙi. Rubuta abin da ka samu. Ɗauko takardar tali, ka haɗa nata. Ɗauko kwafin fom ɗin wata da ya rage a asibiti, ka ga me aka cike. Sannan ka duba abin da ke DHIS2. Lambobi huɗu ke nan da ya kamata su zama ɗaya. In rajista ta ba ka 41, tali 44, fom 44, kwamfuta 44, ƙaramin saɓani ne, wataƙila an yi wa wasu yara allura a fita ƙauye aka manta shigar da su. In rajista ta ce 41 fom ya ce 90, sai ka gyara zama ka yi tambaya a hankali. In fom ya ce 44 kwamfuta ta ce 444, yatsa ne ya zame a sakatariya, kuma irin wannan shi kaɗai yana iya kumbura lissafin ƙaramar hukuma guda.

Akwai shaida ta biyar da ba ta cika ƙarya ba: littafin sito. Kwalbar Penta tana da adadin allurai sananne. In an ce an yi wa yara 300 a wata, amma kwalaben da aka karɓa da waɗanda suka rage ba za su kai rabin haka ba, to ɗaya daga cikin takardun biyu tana da magana. Haka gwajin zazzaɓi: yawan waɗanda aka ce an gwada bai kamata ya wuce yawan kayan gwajin da suka fita daga sito ba.

Ka sa ido kan wasu alamu. Lamba ɗaya tana maimaita kanta wata bayan wata. Lambobi duk suna ƙarewa da sifiri ko biyar. Zagaye na uku ya fi na farko yawa duk shekara, alhali yaro ba ya samun na uku sai ya samu na farko. Shafi guda an cike shi da biro ɗaya, hannu ɗaya, babu gogewa ko ɗaya, kamar an zauna an rubuta shi dare ɗaya. Rajistar da ake aiki da ita kullum tana da datti, gefenta ya naɗe, tawada kala-kala.

Kada ka yi saurin cewa maguɗi ne. Sau da yawa abin da za ka ji shi ne, "Wanga wata rajista ta ƙare muna, littafin makaranta munka yi aiki da shi." Ko kuma ma'aikaciya ɗaya ce take awo, take karɓar haihuwa, take allura, rubutu sai da yamma daga abin da ta tuna. An kuma sabunta rajistocin ƙasa a 2019, inda aka canza wasu ginshiƙai, don haka in kana kwatanta shekarun da suka gabaci sauyin da na bayansa, ka tabbata abu ɗaya ake ƙirgawa. Akwai kuma matsin lamba daga sama: muddin za a tsayar da incaji a taro a kunyata shi don bai cika taget ba, wata mai zuwa zai cika shi a takarda. Wannan ba ya wanke kowa, amma yana gaya maka inda gyara yake.

Ba a ɗaukar hoton shafin da ke da sunaye da lambobin waya. Ƙirga ka rubuta jimilla, ka rufe rajistar ka miƙa wa mai ita.

Lambar ƙasa

Duk kashi cikin ɗari da za a ba ka rabo ne: lambar sama, wato waɗanda aka yi wa aiki, a raba da lambar ƙasa, wato waɗanda ya kamata a yi wa. Mun gama da ta sama. Ta ƙasa ce ta fi rauni, kuma ba laifin asibiti ba ne.

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba Sakkwato mutum kusan miliyan 3.7. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Tun daga lokacin, kowace shekara ana ƙara kusan kashi 3 cikin 100 a kan tsohuwar lamba, a raba wa ƙananan hukumomi da mazaɓu. Daga nan ake ciro taget da kaso tsayayye: 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4, 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 20, masu ciki kashi 5, matan da ke shekarun haihuwa kashi 22. A ce an ƙiyasta mazaɓa tana da mutum 20,000. Jarirai 800 ke nan a shekara, kusan 67 a wata. In an yi wa 60 allura, takarda za ta ce kashi 90. Amma in ainihin mutanen mazaɓar sun kai 35,000, to rabin yaran ne kawai aka samu. Awo ne da tiyar da ba wanda ya san girmanta: ƙirgar daidai ce, hatsin ne ba a sani ba.

A Sakkwato abubuwan da ke karkatar da wannan lamba suna da yawa. Rashin tsaro a gabas, wajen Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, da kuma yankin Tangaza da Gudu, ya tayar da ƙauyuka, mutane sun koma hedikwatar ƙananan hukumomi ko cikin birni ko sun tsallaka Nijar. Garin da suka bari tagetinsa yana nan a takarda, garin da suka sauka nasa bai ƙaru ba. A Illela mata suna tsallakowa daga ɓangaren Ƙonni, na nan ma suna zuwa can. Asibitocin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu da Wamakko suna karɓar mutanen wasu ƙananan hukumomi. Makiyaya suna tafiya da ruwa da ciyawa. Don haka in ka ga kashi 130, ba abin murna ba ne, in ka ga 35 kuma kada ka yi saurin zargin ma'aikata. Tambaya ta farko ita ce daga ina aka samo taget.

Abin yi shi ne ka tara lambar ƙasa fiye da ɗaya, ka ajiye su gefe da gefe. Akwai ta ƙiyasin ƙidaya. Akwai ta ƙirgar gida-gida da ake yi don gangamin shan inna, tana wurin LIO tare da jerin garuruwa da rugage na kowace mazaɓa. Akwai taswirori da ƙiyasin GRID3 da aka yi daga hotunan tauraron ɗan Adam. Sannan akwai sarakuna. Tun 2009 da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, masu unguwanni sun shiga aikin rigakafi, kuma a wurare da dama suna rubuta jariran da aka haifa a unguwanninsu. Haihuwa tana iya wuce asibiti, amma ba ta wuce ungozoma da wanzami da liman ranar suna. Ka bi ta hannun uban ƙasa kafin ka nemi ganin littafin mai unguwa, ka kuma tuna cewa wani yana cika nasa, wani ya daɗe bai taɓa ba.

Akwai lissafin da bai dogara da taget ba sam, shi ya sa na fi yarda da shi: yawan waɗanda suka fara suka bari. In yara 120 suka karɓi Penta na farko, 84 suka kai na uku, 36 sun zube, kashi 30 ke nan. Duk abin da ya wuce kashi 10 yana neman bincike. Haka za ka yi da awon farko da na huɗu.

Alƙaluman annoba

Waɗannan na mako-mako ne, mako kuma daga Litinin zuwa Lahadi. DSNO yana da fom na kai rahoto nan take, da jerin marasa lafiya in cuta ta ɓarke, da na mako, da na wata, yanzu kuma ana shigarwa a manhajar SORMAS. Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, ka raba waɗanda ake zargi da waɗanda ɗakin gwaji ya tabbatar. "Amai da gudawa" ba duka ne kwalara ba, kuma rahoton da ya cakuɗa su yana iya tayar da hankalin gari ko ya kwantar da shi a banza. Na biyu, ka nemi lambobin a matakin mazaɓa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na sanƙarau shi ne mutum 3 cikin 100,000 a mako don faɗakarwa, 10 kuma an shiga annoba, a yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000. A wurin da bai kai 30,000 ba, mutum 5 a mako ɗaya sun isa. In ka haɗa ƙaramar hukuma gaba ɗaya, mazaɓar da ke ci da wuta za ta ɓace cikin sauran. Waɗanda suka ga sanƙarau nau'in C na 2017, da ya taɓa Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, sun san abin da jinkirin mako biyu yake jawowa.

A kan mutuwa kuwa, kada ka gina komai a kan rajistar asibiti kaɗai. Binciken 2018 ya nuna matan Sakkwato da ke haihuwa a asibiti ba su kai 1 cikin 10 ba, kuma wanda ya rasu a gida da safe an yi jana'izarsa kafin la'asar, babu takardar da ta sani. Abin da rajista za ta ba ka shi ne waɗanda suka rasu a asibiti, haka kuma za ka rubuta shi.

Sifiri da gurbi

A teburinka ka bambanta asibitin da ya turo rahoto ya ce babu ko ɗaya, da wanda bai turo komai ba. Na farko sifiri ne, na biyu gurbi ne, ka bar shi fayau ko ka sa masa alama. Asibitin da ke rufe saboda 'yan bindiga ba yana nufin babu ƙyanda a garin ba. Tambayi darakta waɗanne asibitoci ne ba sa aiki, tun yaushe, kuma ina ma'aikatansu suka koma, domin wasu suna ci gaba da aiki a inda mutanensu suka yi hijira, suna cike fom da sunan tsohon asibiti. Wurin da jami'an yankin suka ce kada a je, kada ka je; yi amfani da waya da ranar da incaji ya shigo hedikwata.

Sunayen wurare ma sai an daidaita. Gari ɗaya yana iya fitowa da rubutu uku, Wamakko a nan, Wamako a can, kuma Tungar wane da Gidan wane suna maimaituwa a ƙananan hukumomi daban-daban. Yi amfani da lambar da rajistar asibitoci ta ba kowanne. Ajiye kwafin asali da ba ka taɓa ba, ka yi gyara a kan wani kwafi, ka sa wa fayil mabuɗin sirri. Ba a yawo da shi a zaurukan WhatsApp.

Mayar da sakamako

Kafin ka kai rahotonka ko'ina, koma wurin waɗanda suka ba ka lambobin. Shafi ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma, da Hausa in zai yiwu, a gabatar a taron wata ko a zaman kwamitin raya mazaɓa. Saɓanin da ka gani a wani asibiti, incajinsa da M&E za ka fara nuna wa, su kaɗai, ba a gaban taro ba. Sau da yawa a nan za a gyara maka fahimta: watan da ka ga awo ya faɗi, ashe ma'aikaciyar ce ta tafi hutun haihuwa, mata kuma suka ƙi zuwa wurin namiji. Ka kai kwafi sashen tsare-tsare na ma'aikata da kwamitin ɗa'a kamar yadda ka yi alkawari a wasiƙarka, domin fayil ɗinka na nan, kuma shi za a buɗe ranar da ka dawo da sabuwar buƙata.

A ƙarƙashin kowane tebur da ka wallafa, rubuta ofishin da lambar ta fito, da taget ɗin da ka raba da shi, da yawan asibitocin da suka turo rahoto, da ranar da aka ciro ta daga DHIS2. Ana ci gaba da shigar da fom ɗin da ya makara, ana kuma gyara kurakurai, don haka lambar watan Maris da ka gani a Afrilu tana iya zama wata daban a Yuni.